An yi wa maigidana aikin leza a ganda, yanzu koko ta hanci yake fitowa

Salamu alaikum 'yan uwa, daga unguwar Nima ta Accra nake. Minshari ya addabi maigidana, aka yi masa aikin leza a wani asibitin kuɗi, suka rage beli da gandar baya. Wata na uku ke nan, in ya kurɓi koko sai ya biyo ta hanci. Maƙogwaro kullum a bushe, yana ta kakari wai wani abu ya maƙale. Shito kuwa, yajin nan namu na Ghana, ko kusa ba ya iya ci. Ga minsharin ya fara dawowa. Likitan ya ce a ƙara wani zagaye, surukata ta ce wanzami. Ina mafita?

Ma'aikacin jinya, Maamobi: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gandar baya ce ke rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. Leza ƙuna ce, in wurin ya warke sai tabo ya ɗaure naman, ya gajarce, ya kasa rufewa. A makonnin farko ana ganin haka kuma yakan wuce, amma wata uku ya isa a duba. Abin da ya fi damuna shi ne tabon kan matse hanyar iska. Tun 2001 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ba ta ba da shawarar wannan aikin ga mai ɗaukewar numfashi a barci. An yi masa gwajin barci kafin aikin? Ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin Korle Bu da ke Accra, su zura kyamara ta hanci su gani. Ku tafi da takardun aikin farko. Kada a ƙara ƙona komai kafin nan.

Wata Hajiya, Sabon Zongo: 'Yata, wanzami me zai yanka, belin da aka riga aka cinye? Ki lallaɓa surukarki. Ki dama masa kokon da kauri, mai ruwa-ruwa ne ke saurin hawa hanci, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a zaune.

Wani direba: Yaya, ki sa masa ido da dare. In yana yin shiru sannan ya zabura yana haki, ko yana gyangyaɗi da rana, ki faɗa wa likita, kuma ya ajiye tuƙi tukuna.

Mai tambaya: Na gode. Ba a yi gwajin barci ba, kuma zaburar nan yana yinta. Gobe za mu nemo takardar, in sha Allah.