Zaɓe na matsowa: in rufe masana'anta ko in bar aiki ya ci gaba?

Mai Roba Sharaɗa: Salamu alaikum. Masana'antar roba ce a Sharaɗa, Kano, ma'aikata 42, aikin dare da rana. Tun yanzu gardamar siyasa ta fara shiga wurin aiki, wasu kuma sun nemi hutu don a garuruwansu suka yi rajista. In rufe kwana nawa? Kwanakin da ba a yi aiki ba, a biya su?

Hajiya Akanta: Wa alaikumus salam Alhaji. Ranar zaɓe ba ita ce abin tsoro ba, dama ana hana zirga-zirga. Ranar faɗin sakamako ce. A Maris 2023 da aka sanar da zaɓen gwamna a Kano, nan take aka sa dokar hana fita. Ka dakatar da aikin dare tun Juma'a har a faɗi sakamako. Ka ba da rabin albashi mako guda kafin zaɓe, wani kaso kuma tsaba a hannu, domin a 2023 mutane na da kuɗi a banki amma ba na mota.

Injiniya Bala: Ka sayi dizal tun da wuri, mako biyu kafin nan.

Baban Ummi: Ku daina lissafi da masu albashin wata kawai. A Agusta 2024 da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano, akwai masana'antun da 'yan aikin dare suka maƙale ciki, ba abinci, ba tabarma, iyalansu ba labari. Da aka dawo, masu albashi suka karɓi nasu cif. 'Yan aikin yini, masu lodi da shara, aka ce musu ba aiki ba biya. Wanda sai ya fita yake samun cefane, kwana uku a gida yunwa ce. Wasunsu ma da suka makara dawowa sai suka tarar an sa wasu a gurbinsu. Wannan zalunci ne, Alhaji kada ka bi sahunsu.

Lauyan Ƙwadago: Sashe na 17 na dokar ƙwadago ya ce idan larura ta hana mai kamfani ba da aiki, kuɗin ranar farko kawai ya wajaba a kansa, kuma larurar kada ta wuce mako guda sai da izinin jami'in ƙwadago.

Baban Ummi: Barista, ƙaramin abin da doka ta tilasta ke nan. Ana maganar tausayi.

Lauyan Ƙwadago: Tambayar biya ya yi, wanda ya san doka ne zai amsa ta.

Hajiya Akanta: Wanda ke rubuta albashi shi ya san abin da kamfani zai iya ɗauka. Alhaji, ko rabin kuɗin yini ka ba su, ka faɗa musu tun yanzu a rubuce. Rashin sanin matsayi ya fi tayar da hankali. Ka ajiye shinkafa, wake da gas na kwana uku saboda masu gadi. Ka raba ma'aikata goma-goma, kowane rukuni da shugaban da zai riƙa kiransu, don ba kowa ke da data ba. Bas ɗin haya mai kai su gida wajen dubu arba'in ne a yini.

Injiniya Bala: Dubu arba'in a ina? Ba direban da zai shiga Sharaɗa a irin ranar ƙasa da saba'in.

Ɗan Kurna: Ka hana jar hula a wurin aiki, ka ga rabin ma'aikata sun zo kai ba hula!

Hajiya Akanta: Idan za a hana, a hana alamar kowace jam'iyya, kuma manaja kada ya tambayi kowa wa zai zaɓa.

Baban Ummi: Kafin hula, mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in da aka sa wa hannu a Yuli 2024 fa? Mai ma'aikata 25 zuwa sama dole ne ya biya. A Sharaɗa da Bompai nawa ne suke biya? Kuɗin adaidaita daga Kurna kaɗai nawa yake ci a wata?