Neman shawara: ƙaramar hukumarmu tana jin ra'ayin jama'a kan lasisin giya da wuraren nishaɗi

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina zaune a wani gari a arewacin Ingila, a hawa na biyu na wani gini da ke bakin babban titi. A makon jiya aka jefo mana takarda ta ƙofa cewa ƙaramar hukumarmu za ta sabunta manufarta ta bayar da lasisin sayar da giya da na wuraren nishaɗi, kuma tana neman ra'ayin mazauna. Cikin 'yan shekarun nan mashaya uku aka buɗe a layinmu. Daren Juma'a da na Asabar ba ma runtsawa sai wajen ƙarfe uku, domin kiɗan yana ratsa bango har gilashin taga yana kaɗawa, da safe kuma sai na share fasassun kwalabe daga bakin ƙofa kafin in fita da yara Islamiyya. Na riga na rubuta shafi biyu ina bayanin cewa giya haramun ce kuma tana rusa gidaje, amma maigidana ya ce ba za su kula ba. In aika haka, ko akwai hanyar da ta fi?

Kawu na Mancesta:
Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika rubuta gaskiya ne, sai dai maigidanki ya fi ki sanin inda za a kai takardar. Dokar Lasisi ta 2003, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta wallafa wannan manufa, ta kuma sabunta ta duk bayan shekara biyar, bayan ta ji ta bakin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an lafiya da masu lasisi da mazauna. Amma dokar ta ɗaure hannun kansiloli da manufofi huɗu kacal: hana aikata laifi da tarzoma, kiyaye lafiyar jikin masu shiga wurin daga haɗari, hana takura wa jama'a, da kare yara daga cutarwa. Duk hujjar da ba ta faɗa cikin ɗayansu ba, za a karanta ta a ajiye gefe, ko da wanda ya karanta ya yarda da ke a zuciyarsa.

To, ai kin riga kin kawo hujjarki ba ki lura ba. Kiɗan da ke hana ku barci takura ce, kwalaben da yara ke tsallakewa kuwa batun kare yara ne. Ki rubuta wannan dalla-dalla, da rana da lokaci. Sannan ki nemi a yi wa unguwarku abin da ake kira binciken tasirin cunkoson wurare masu lasisi, wanda ya shiga cikin dokar a 2018. Idan aka ayyana unguwa a haka, mai neman sabon lasisi ne zai sha wahalar nuna cewa ba zai ƙara matsalar ba.

Mai Suya:
Hajiya, Allah ya kawo sauƙi, na tausaya miki ƙwarai. Amma ina roƙonki ki yi hattara da shawarar Kawu ta ƙarshe, domin wannan doka ba ta tsaya kan giya ba. Duk mai sayar da abinci ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba yana buƙatar lasisi a ƙarƙashinta, ko da ko digon giya babu a shagonsa. Ni cinikina na azumi bayan tarawihi yake, musamman shekarun da Ramadan ya faɗo lokacin zafi, mutane na layi har kan titi ana yanka musu tsire bayan sha ɗaya. Idan aka rubuta ƙa'idar cunkoson ta haɗa da masu abincin dare, irinmu ma za ta shafa. Ki fayyace cewa kukanki a kan wuraren sayar da giya da kiɗa ne.

Anti Nas:
Ƙanwata, abin da zan ƙara shi ne, sabuwar manufar ba za ta soke lasisin mashayun nan uku ba. Su hanyarsu daban ce: kowane mutum yana da damar neman a sake duba lasisin wani wuri, kuma kwamitin lasisi na hukumar zai iya rage masa lokaci, ko ya ƙara masa sharaɗi kamar rufe ƙofofi da tagogi lokacin kiɗa, ko ma ya soke shi. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kowane dare, ki ɗauki hoton kwalaben, ki kai ƙorafi sashen tsaftar muhalli na hukumar, domin su ne ke auna ƙara. Batun illar giya ga lafiya kuwa, ni da nake ganinta a ɗakin gaggawa na so a ce tana cikin ma'aunin, amma a Sikotlan ne kawai aka sanya lafiyar al'umma ta zama manufa ta biyar.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na ji, ba zan taɓa masu abinci ba. Kawu, akwai wani shago da babu kowa a ƙasanmu, kuma jiya na ga an manna masa takarda shuɗiya a taga. Tana da alaƙa da wannan?

Kawu na Mancesta:
Wannan ta fi gaggawa, 'yata. Sanarwar neman sabon lasisi ce, kuma kwana 28 kawai ake bayarwa don ƙorafi. Idan wa'adin ya cika babu wanda ya rubuta, dole hukuma ta bayar da lasisin, ko da unguwar tana cikin yankin cunkoso. Ki sauka yau ki karanta ranar ƙarshe da ke jikinta, ki sanar da maƙwabtanki, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kowa ya rubuta nasa da kalmominsa. Ki kuma shawarci maigidanki tukuna, domin a irin wannan ƙorafi galibi ana miƙa wa mai neman lasisin sunanki da adireshinki.