Wane suna za mu raɗa wa DSLR da Hausa?

'Yan'uwa masu hoto na Kaduna da masu kishin harshe, ina roƙon ku sa mini baki. Yaran da ke koyon aiki a hannunmu suna ta cewa "di-es-el-ar", amma ka tambayi ɗayansu me ya raba ta da kyamarar fim da iyayen gidanmu suka yi aiki da ita, sai ya ce ai ita ce babbar baƙar nan. Fim ya daɗe da samun gurbi a bakinmu: a sa fim, fim ya ƙare, fim ya ƙone, a kai wanki, a adana dodon hoto. Wannan ce har yau take yawo a hannunmu ba suna, kuma abin yana damuna, domin yaro ba ya riƙe abin da ba zai iya kira da harshensa ba.

Harafin farko na DSLR yana nufin dijital. Sauran ukun sun girme shi nesa ba kusa ba, kuma abin da suke faɗa shi ne ido ɗaya gare ta, ta nan ake leƙawa ta nan ake ɗauka, kuma madubi ne ke kai wa mai ɗauka abin da idon ya gani. Duk mai irinta a kusa ya murɗe gilashin gaba ya cire, ya leƙa ramin. Zai ga ɗan madubi a kishingiɗe. Haske ya shigo, madubin ya tura shi sama cikin tozon nan da ke kan kyamarar, inda wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar ke miƙe hoton ya kawo shi idonka. Kana danna maɓalli sai madubin ya ɗage, labulen da ke bayansa ya buɗe, haske ya faɗa inda ake so, madubin ya dawo mazauninsa. Duhun nan na ƙiftawar ido da kake gani lokacin ɗauka, da ƙarar "ƙaras" da amare ke ji su saki fuska, yawanci aikin madubin ne.

Madubin nan kuwa yana cikin Nikon F ta 1959, yana cikin Pentax K1000 da Canon AE-1 na 1976, dukansu na fim. Da Kodak ta fitar da DCS 100 a 1991, gangar jikin Nikon F3 ta ɗauka, ta cire murfin bayan da fim ke kwanciya, ta sa sansa, wato ɗan faifan lantarki mai karɓar haske, a wurin, ma'ajiyar hotunan ma akwati ne daban da ake ratayawa a kafaɗa. Gida ɗaya suka fito ke nan. Don haka nake ganin sunan ya zama mai gaɓa biyu: ɗaya ta faɗi ƙirar, ɗaya ta faɗi abin da ke karɓar haske.

Ga tawa shawarar: mai-madubi. Mai-madubi ta fim, mai-madubi ta dijital. Jam'i kuma masu-madubi.

Wasu sun riga sun kawo nasu shawarwarin, bari in amsa musu. Malam, na ga ka ce a bar ta a "kyamarar zamani" tunda kowa zai gane. Na fahimce ka, amma zamanin wa? Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a Kodak tun 1975. Nikon D1 ta fito a 1999, Canon EOS 300D kuma a 2003 ta sauko da farashi ƙasa da dala 1,000 har mai ƙaramin jari ya fara sa rai. Yanzu kuwa, tun 2018 Canon da Nikon suka mai da ƙarfinsu kan waɗanda aka cire wa madubin gaba ɗaya, Sony ma ta riga su. Saurayin da ke da kuɗi a yau ba DSLR yake kira ta zamani ba. Idan kuwa muka ɗauki mai-madubi, sabuwar ta samu suna a kyauta: marar-madubi.

"Babbar kyamara" da "ta ƙwararru" ba za su yi ba. Ta bidiyo ta fi ta girma, kuma ɗan koyo ma da ita yake farawa.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta wani dattijo cikin tsofaffin masu hoto na Tudun Wada, wanda ɗansa ya rubuto mini a madadinsa. Ya ce su da abin ya zo a gabansu "ba-wanki" suka kira ta. Baba, Allah Ya ƙara lafiya, wannan suna daga cikin aiki ya fito, kuma ina so yara su san nauyinsa. Fim leda ce da aka shafe da sinadarin azurfa mai jin haske. Ka ja harshensa ka maƙala a ƙarfen naɗi, ka rufe murfi, ka ja hannun nan da babban yatsa bayan kowace ɗauka. Hoto 24 ko 36 ke cikin naɗi ɗaya, kowanne faɗin milimita 36 da tsayin 24. Hoton yana nan a jikin fim ɗin amma ido ba ya ganinsa sai an jiƙa shi a magani cikin duhu, wanda kuma ya buɗe murfi kafin ya naɗe fim ya koma gwangwaninsa ya ƙona aikin yini. Mai hoto ya tsaya a Dandalin Murtala ranar hawan daba, dawakai sun taso a guje, yana da saura ɗauka kaɗan, dole ya riƙe numfashi ya jira kansu ya daidaita kafin ya danna. Ba zai san ko ya samu ba sai an dawo daga wanki. Wanda ya sha wannan zullumi, ranar da ya ga hoto ya fito a bayan kyamara nan take, ba abin da zai fara faɗa sai "ba wanki".

Sai dai Baba, da izininka, akwai cikas biyu. Wayar hannu ma ba-wanki ce, haka 'yar ƙaramar kyamarar aljihu, to sunan bai ware wannan ba. Na biyu, wanki bai mutu ba. Har gobe uwar amarya cewa take a wanko mata hotuna a kati, ko da daga waya aka turo su. Ina ganin a bar ba-wanki ya zama laƙabin duk wata kyamarar dijital, ba na wannan kaɗai ba.

Wata Hajiya kuma ta kawo "ta memori" a maimakon "ta dijital", wai don ya yi daidai da "ta fim". Wannan ta burge ni, domin abin da hannu ke sawa ya cire ke nan. Amma a lura, fim aiki biyu yake yi, shi ke karɓar haske shi ke ajiye hoto. A dijital an raba aikin: sansa ta karɓa, memori ya ajiye. Fim kamar takarda yake, an rubuta an gama. Sansa kuwa allon makaranta ce, a rubuta, a kwashe, a wanke, a sake. Daga nan sauran bambancin ya taso. Idan ka sa fim mai ISO 100 (lambar da ke nuna ƙarfin jin haskensa) don rana, da shi za ka ƙare naɗin ko da an koma cikin zaure mai duhu, alhali a dijital sai ka ɗaga zuwa 1600 a ɗauka ta gaba. A ɗaya ɓangaren, fim sabon fili yake kawowa a kowace ɗauka, sansa kuwa ita ce dai kullum. Wanda ya taɓa canja gilashi a fili lokacin hunturu, ƙurar Kaduna na kaɗawa, ya san ɗigon nan da ke fitowa a sararin sama a wuri ɗaya cikin kowane hoton biki, sai an zauna ana gogewa ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta. Ga kuma dodon hoto da za ka ɗaga wa haske bayan shekara 40 ka ga kakanka, memori kuwa ya lalace ya tafi da bikin mutane idan ba a kwafe ba. Ni dai a rubutu zan riƙe "ta dijital" don ita ce aka saba ji a rediyo, a shago kuma Hajiya, "ta memori" ta fi sauƙi a baki, ban ga laifin su zauna tare ba. Sansa kuma a bar ta sansa, tunda allo ya riga ya tafi ga fuskar waya da ta kwamfuta.

Akwai ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci. Wani ɗan'uwa daga Kawo ya tuna mini cewa a Hausa madubi ba na duba fuska kaɗai ba ne, tsofaffi na kiran tabarau madubin ido, don haka mai ji zai iya zaton gilashin gaba ake nufi, kuma ai kowace kyamara tana da shi. Gaskiya ne. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne mu a bakin aiki gilashi muke ce wa na gaba, ko lens, ban saba jin madubi ba. Ya kuma ambaci tsofaffin Yashica da Rolleiflex da ake rungumewa a ciki ana leƙawa ta sama, su ma da madubi. Waɗannan sunansu a fuskarsu yake: mai-ido-biyu.

Na gwada shi a maganar yau da kullum ya zauna. "Mai-madubi za ka saya ko marar-madubi?" "Tawa mai-madubi ce, amma ta fim." "Masu-madubi sun yi araha tunda manya sun koma marasa-madubi." Ba inda harshe ya sarƙe.

Saura ku abokan sana'a na Zariya da Kano: idan a shagunanku ana ce wa gilashin gaba madubi, ku faɗa mini kafin in fara koya wa yara wannan suna.