"Yaranmu marayu ne": yadda zancen ya kaya a zauren iyaye mazauna ƙasashen waje

Uwar Uku (Ingila): Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, maigidana kuma na rana. A bakin ƙofa muke haɗuwa, yana ɗaura takalminsa ina cire nawa, ya miƙo mini jaririya ya ce ta sha madara, ya fice. In kai babban makaranta, in dawo in kishingiɗa a kujera ido ɗaya a buɗe. Na tsakiyan ya cika shekara uku, yana samun awa 15 ɗin nan na kyauta a gidan reno, amma awa 15 a mako me za ta tsinana wa wadda ba ta runtsa ba? Na awa 30 da ake ba iyaye masu aiki kuwa ba mu ciki, tunda bizarmu ta haramta mana tallafin gwamnati. Babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabciyar da zan ƙwanƙwasa wa ƙofa in ce riƙe min ita in watsa ruwa. Wallahi yaran da muke reno a ƙasashen nan marayu ne, alhali uwa da uba na raye. Don Allah masu ƙananan yara, ya kuke yi da barci?

Malam (Jidda): A'uzu billahi. Hajiya, ki janye kalmar nan. Maraya a shari'a shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai kai ga balaga ba. Naki ubansu yana nan da ransa, yana fita nema. Baki shi kan yanka wuya.

Anti Nas (Jamus): Malam, ba fatawa ta zo nema ba. Mace ta ce ta gaji, kai kuma ka buɗe littafi.

Malam (Jidda): Gajiya ba ta halatta wa mutum ya yi wa 'ya'yansa mugun baki, Anti.

Baban 'Yan Biyu (Ingila, mai kula da zaure): Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne wa aka kashe a cikin maganar. In yaro maraya ne, to ubansa ne babu. Mutumin da aka ce yana karɓar jaririya duk dare, ya ba ta madara, gari ya waye ya tafi aiki, shi ne yau aka binne da ransa? Haba 'yar'uwa. Mu maza a ƙasar nan muna wanke kwanuka, muna canza famfas, muna tura keken jariri cikin ruwan sama, abin da iyayenmu maza ba su taɓa yi ba. Ladan ke nan?

Anti Nas (Jamus): Ka canza wa ɗanka famfas kana jiran a ba ka lambar yabo? Ɗan wa ye?

Uwa Mai Haƙuri (Kanada): Nawa ubansu ya rasu muna nan, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Ranar da makaranta ta ce kowa ya zana babansa, ɗiyata hoto ta ɗauko a wayata ta kwaikwaya. 'Yar'uwa, na san gajiyar da kike faɗa, na ma fi ki saninta. Amma ki bar mana kalmar nan, ba ta aro ba ce.

Uwar Uku (Ingila): Allah ya jiƙansa, Yaya, ya raya abin da ya bari. Ban yi nufin taɓa ki ba. Rashin dangi nake nufi.

Baban 'Yan Biyu: To ai da sai ki ce rashin dangi.

Mai Jiran Biza: Ikon Allah. Kuna can wuta ba ta ɗaukewa, makaranta kyauta, kuna kiran kanku marayu. In ya ishe ku, ku dawo mana mu mu je. Ƙoshi ne kawai.

Anti Nas (Jamus): Ga shi nan ya iso. Duk zancen da aka ɗauko sai ka ce mu dawo. Ƙanena, in aikin kula da tsofaffi kake hari a Ingila, tun watan Maris na 2024 aka hana sabbin masu wannan bizar tafiya da iyali, masu karatun digiri na biyu ma yawancinsu an rufe musu ƙofar tafiya da iyali tun Janairun shekarar. Ka je ka bar naka a baya, sai mu ji sunan da za ka kira su.

Mai Jiran Biza: Ni ban ce miki Ingila zan je ba.

Anti Nas (Jamus): Gwamma haka, don ni ban ga abin da kuke gani a Ingilar ba. A nan Jamus tun 2013 doka ta ba kowane yaro da ya cika shekara ɗaya haƙƙin samun gurbi a gidan reno, kuma iyaye na raba kuɗin hutun haihuwa har wata 14 tsakaninsu. Da a nan take da ba ta rubuta abin da ta rubuta ba.

Direban Tasi (Jamus): Anti, ki faɗi gaskiya duka. Haƙƙin yana takarda, gurbin kuma sai an yi layi. Matata tana da ciki muka rubuta suna, yaron ya fara gudu kafin su kira mu. Kuma ki ƙara da cewa a nan ba ka isa ka riƙe ɗanka a gida ka koyar da shi da kanka ba, doka ta hana.

Anti Nas (Jamus): Garinku ne haka. Mu ba mu sha wahala ba.

Direban Tasi (Jamus): Ke ma'aikaciyar asibiti ce, ai dole.

Dattijo (Amurka): Ku gode wa Allah ku duka. Mu nan dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta ba mai jego, ba albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Amma ni abin da ya sa na ga yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba daban ne. Maraya ai shi ne wanda ba mai tsawata masa. A ƙasashen nan ka ɗaga wa ɗanka murya, gobe 'yan soshiyal, wato ma'aikatan kare haƙƙin yara, suna ƙofarka. Uban da ba zai iya hukunta ɗansa ba, me ya rage masa na uba? Na ga bidiyon wata baiwar Allah da aka ƙwace mata yara huɗu don ta yi wa babban tsawa.

Anti Nas (Jamus): Baba, a wane gari?

Dattijo (Amurka): A wani zaure aka turo. Tana kuka, kowa ya gani.

Anti Nas (Jamus): Kuka mun gani, takardar kotu ce ba mu gani ba. Ba a raba uwa da yara huɗu a kan tsawa, akwai abin da bidiyon bai faɗa ba.

Baban 'Yan Biyu: Kuma a daina yi wa ƙasashen kuɗin goro. A Ingila har yanzu doka ta bar wa iyaye horo mai sauƙi, muddin bai bar tabo ko rauni ba.

Ɗaliba (Sikotilan): Yaya, ka tsaya a Ingilarka. Nan an haramta duka kowane iri tun 2020, Wels ta bi a 2022. Kar wani ya karanta naka ya hau jirgin ƙasa ya zo nan ya jawo wa kansa.

Baban 'Yan Biyu: Ai Ingila na ce, ban ce Birtaniya ba. A riƙa karatu kafin a yi gyara.

Ɗaliba (Sikotilan): Rabin mutanen zauren nan ba su san bambancin ba, shi ya sa.

Baban Yara (Suwidin): Mu nan tun 1979 aka hana, mu ne na farko a duniya, kuma yaran ba su lalace ba. Hutun reno kwana 480 ne, 90 daga ciki na uba ne, in bai ɗauka ba sun tafi. Na zauna da ɗiyata wata uku cur, har na iya kitso.

Dattijo (Amurka): Allah ya kyauta. Namiji da kitso.

Uwar Uku (Ingila): Jama'a, barci na tambaya.

Maman Ƙarami (Ingila): 'Yar'uwa, ni da wata 'yar Gana da ke benenmu muke karɓa-karɓa. Ranar da na kwana aiki ta ɗauki nawa da safe zuwa azahar, ranar nata ni ma haka. Ki duba cikin iyayen da kuke tsayuwa tare a ƙofar makaranta. Kuma ki sa labule mai kauri, hasken rana ne ke hana barcin ya yi nauyi.

Malam (Jidda): Ki damƙa ɗanki hannun wadda ba ki san tarbiyyarta ba? Abin da ya dace a ɗauko kaka.

Direban Tasi (Jamus): Malam, kakar a aljihu ake sako ta? Bizar ziyara ta Ingila wata shida ce, in ma an bayar. Kanada ce ke da wadda iyaye ke zama har shekara biyar, ita ma sai kana da takardar zama ta dindindin ko ka zama ɗan ƙasa, ga inshorar lafiya a kanka.

Anti Nas (Jamus): Tsaya ma tukuna. Malam, naka iyalin suna ina? Tun da Saudiyya ta sa harajin iyali a 2017, ya tashi daga riyal 100 har ya kai 400 a wata kan kowane kai, mun san da yawa sun mayar da nasu.

Malam (Jidda): Suna wajen kakanninsu cikin rufin asiri, kullum muna waya.

Anti Nas (Jamus): Wato yaran Uwar Uku da ke ganin ubansu kowane dare ka hana a kira su marayu, naka da ke ganinka a fuskar waya fa?

Malam (Jidda): Wannan cin mutunci ne. Mai kula da zaure, kana gani.

Mai Jiran Biza: Ni fa har yanzu ba wanda ya ce zai dawo.

Baban 'Yan Biyu (taƙaitawa): To jama'a, na rufe nan, ga abin da aka cimma. Kusan kowa ya yarda cewa kalmar da 'yar'uwarmu ta yi amfani da ita ba ta dace ba. Malam ya kawo hujja daga shari'a, Yayarmu ta Kanada ta yi magana mai ratsa zuciya, ita ma mai maganar ta sauko ta ce rashin dangi take nufi, mun karɓa. Muhawarar ta kuma nuna irin ɗawainiyar da iyaye maza ke yi a ƙasashen nan ba tare da an gode musu ba, shaidar ɗan'uwanmu na Suwidin ta isa. A batun doka, bayanin da na yi kan Ingila yana nan daram, ba a kawo abin da ya rushe shi ba, sai dai wata ta yi gaggawar gyara abin da ba kuskure ba. Masu tallata mana Jamus kuma ɗan garinsu ne ya ba su amsa, ba sai na ƙara ba. Batun bidiyo, Baba dattijo ne, ba zai ƙirƙira ba. Ina jan kunnen Anti kan shiga harkar iyalin mutane, wannan ne karo na ƙarshe, kuma ta nemi afuwar Malam ta bayan fage. An yi wasu 'yan shawarwari a tsakiya, mai so ya koma sama ya duba. Gobe da yamma za mu ɗauko batun kuɗin wutar ɗumama ɗaki, kowa ya zo da takardarsa ta watan jiya.