Kari-oba biyu sun cika min yunit, wane kwas zan ajiye a aji uku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara, ranar Juma'a za a rufe rajista kuma kaina ya ɗaure. Ina aji uku a sashen injiniyan ƙarafa da kayan ƙere-ƙere. Asali likitanci na nema ban samu ba, sai na zauna ina tsare wa kawuna shagon kayan gini a kasuwa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya matsa min na koma karatu, don ya ce ba zai yarda ɗan yayansa ya ƙare a auna ƙusa da ƙirga rodi ba. Muna ajin farko yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata 8. Yanzu shekarata 27. Da yamma ina zama a wani ɗan teburin POS a bakin makaranta, da shi nake cin abinci har in tura wa mahaifiyarmu wani abu.

Matsalar ita ce ina da kari-oba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na maimaita, daga zangon farko na aji biyu: tamodainamik (ilimin zafi da makamashi) da lissafin injiniya, kowanne yunit 3. Kwasa-kwasan dole na wannan zangon yunit 20 ne, ga na zaɓi yunit 2. Idan na haɗa duka 28 ke nan, alhali ba a wuce 24. Niyyata in ɗauki na dolen duka da lissafin, in bar tamodainamik sai aji huɗu. Kawu bai san da kari-oban ba. Idan na ƙara shekara zan haura 30, bautar ƙasa ta wuce ni. Ya zan yi? Kuma a na zaɓin, tsakanin zubin ƙarfe da ilimin roba da tsatsa, wanne ya fi kasuwa?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan tsarin naka ba zai kai ka ba. Fannin na karanta, kuma na daɗe a masana'antar murza rodi, don haka ka saurare ni da kyau. A cikin na dolen nan na san akwai kwas ɗin zanen yanayin ƙarfe, wanda kuke cewa fes dayagiram. Shi kansa tamodainamik ne aka zana a takarda. Me ya sa ƙarfe mai kabon kusan kashi 0.8 cikin 100 yake sauya tsarin cikinsa a digiri 727? Me ya sa idan kabon ya haura kashi 2 sai ya koma ƙarfen zubi mai karyewa ba tare da ya lanƙwasa ba? Amsar tana cikin lissafin makamashin Gibbs, wanda ke cikin tamodainamik ɗin da ya kayar da kai. Za ka iya haddace layukan ka zana su a jarrabawa, amma da malami ya juya tambayar kaɗan ka tsaya. Haka kwas ɗin tace ma'adinai da ke gaba: zanen Ellingham ne zai nuna maka dalilin da ya sa gawayin kwal yake raba tama da iskar oksijin a tanderu, amma alminiyon sai da wutar lantarki. Wanda ya aza bulo kafin tushe ya sha ruwa ya san abin da zai biyo baya. Ka ɗauki kari-obanka biyu, ka ajiye fes dayagiram da na zaɓin, ka tsaya a 24 cif. Sannan ka rufe teburin POS ɗin nan.

'Yar aji biyar: Injiniya, da girmamawa, akwai abin da ba a duba ba. A wajenmu sai ka ci fes dayagiram ake barinka ka yi rajistar kwas ɗin horar da ƙarfe da zafi, shi kuma a zango na biyu na aji uku yake. Idan ya ajiye shi yanzu, wancan ma ya toshe. Zango na biyu na aji huɗu kuwa babu lakca ko ɗaya, wata 6 ne na SIWES, wato horon aiki a masana'anta. Ke nan sai zangon ƙarshe na aji biyar zai same shi, ga furojet a kansa, kuma idan ya faɗi a nan babu wata dama, sai ƙarin shekara. Ɗan'uwa, ka nemi littafin sashenku ka ga wane kwas ne sharaɗin wane, ka zana su duka a takarda ɗaya daga yau har aji biyar, zango-zango. Kuma ba ka faɗa mana CGPA ɗinka ba, wato matsakaicin makinka na duk zangunan da ka yi.

Ɗan Panteka: Ni dai zubin ƙarfe zan ce ya ɗauka. Ka zo Panteka a Kaduna ka ga masu zubin tukwane: su danna yashi mai damshi a akwati, su zare samfurin, su narka gwangwanaye da tsofaffin fistin a zuba. Tukunya da yawa sai an kankare ta a ga ƙananan ramuka kamar idon allura, wata har yoyo take yi, kuma ba su san iskar da narkakken alminiyon ya sha daga damshi ce ba. Mai digirin da ya san wannan zai ci abinci ko babu wanda ya ɗauke shi aiki. Ni na gama shekaru da suka wuce, na kai takardu wurare har na gaji, wani kamfani ya sa ni gwaji wata da watanni babu albashi, daga ƙarshe aka kawo ɗan wani aka ba shi kujerar. Abin yana min ciwo har gobe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Injiniya, ranka ya daɗe, POS ɗin ba zai rufu ba, Mama magani take saya da abin da nake turawa. Kuma ba rashin ganewa ya kayar da ni a tamodainamik ba, mu da yawa muka faɗi a shekarar. Ina da littafin, zan riƙa karanta shi da kaina ina bin fes dayagiram ɗin. Anti, maganarki ita ce ainihin abin da nake tsoro. CGPA ɗin dai ba laifi.

Tsohon Injiniya: "Zan karanta da kaina" kowa ya faɗa. Yaushe? Bayan ka tashi daga tebur da dare, ga rahoton ɗakin gwaji da za ka miƙa da safe? Ita kuma bautar ƙasa da ka ɗora wa rai, wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, kuma ana ɗaukar aiki da ita. Abin da ba a yafewa shi ne sakamako. Daga CGPA 3.50 ake samun digiri mai babbar daraja ta biyu, ƙasa da haka zuwa 2.40 ƙarama ce, kuma manyan kamfanoni da yawa tun a tace takardu suke zubar da ƙaramar. Gara ka fita a shekara shida da 3.6 da ka fita a biyar da 2.5. Na zaɓi kuwa tsatsa ne, babu tantama. Bututun gas na AKK kilomita 614 ne daga Ajakuta zuwa Kano, matatar Dangote a Lekki ganga 650,000 aka gina ta ta tace a rana. Duk wannan walda ce da bututu da tankuna, kuma kullum sai an duba su. Ka koyi duba walda da na'ura ba tare da an fasa ƙarfen ba, ka ga ko za ka zauna.

Malamin sakandare: Ni abin da ke damuna ma shi ne wa ya ce yaran nan su riƙa karanta wannan fannin. Tun 1979 aka ba 'yan Tarayyar Sobiyet kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, aka tsara tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko, har yau babban tanderun narka tama bai taɓa aiki ba. Tamar Itakpe ƙarfen cikinta bai kai kashi 40 cikin 100 ba, sai an tace ta, ita ma masana'antar tacewar tana tafiyar hawainiya. An yi masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo don su karɓi kaya daga masana'antar ƙarfe ta Aladja, ina suke yanzu a kan yadda aka yi buri? Mu da muka karanta shi da zumuɗi ga mu muna koyar da kimiyya a aji. Ƙanena, ka lallaɓa ka fita ko da me, ka koyi kwamfuta a gefe.

'Yar aji biyar: Malam, ba ƙarfe kaɗai ba ne fannin. Akwai siminti a Obajana da Kalambaina da Ashaka, akwai masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai a Kano, an buɗe wurin tace lithium a jihar Nasarawa a 2024, ga cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a Jos tana karɓar ɗalibai. Gubar dalmar da ta kashe yara a Zamfara a 2010 wajen niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, kuma kauce wa irin wannan shi ne abin da ake koya mana a sarrafa ma'adinai. Ni roba na zaɓa, don a Kano nake so in zauna. Sai dai ɗan'uwa, "ba laifi" ba lamba ba ce. Idan kana kusa da 3.50 shawara daban ce, idan kana kusa da 2.40 daban ce.

Baban yara: Ni ba injiniya ba ne, amma ina biya wa ɗan ƙanena makaranta. Yaro, ka je ka faɗa wa kawunka da bakinka kafin ya ji a wani wuri. Nawa sai da aka yaye 'yan ajinsu na ga hotuna a wayar mutane, shi yana ce min saura kaɗan. Kuɗin ba su dame ni ba kamar ɓoyewar. Wataƙila ma idan ya ji, ya ɗauke maka maganin mahaifiyarka na wannan zangon.

Ɗan aji huɗu: Duk ana ta magana ba a tambayi abu ɗaya ba. A makarantu da yawa doka ce sai ka fara sa kari-oba kafin sabon kwas, wasu ma shafin rajistar da kansa yake ɗora maka su. Idan haka ne a wajenku, zaɓin barin tamodainamik babu shi tun farko. Sannan ka duba jadawalin lakca, don na aji biyu da na aji uku suna yawan karo, ni sai da na riƙa barin ɗaya ina aron rubutu. Me kodinetan ajinku ya ce? Wasu wuraren ana rubuta takardar neman ƙarin yunit ta hannun shugaban sashe.

Mai tambaya: Kodineta na same shi a tsaye zai shiga taro, ya ce in je in yi tunani in dawo. Shafinmu bai ɗora min komai ba, na gwada. Baba, na ji maganarka, amma ba ka san kawuna ba, hawan jini ne da shi, kuma a gaban abokansa yake kirana injiniya. Gara in gyara abin tukuna. Idan na ci duka na aji uku, tamodainamik ɗaya ce za ta rage, kuma zangon farko na aji huɗu yunit 18 ne kawai, akwai wuri. Ni har yanzu ban ga inda lissafina ya karkace ba.

Tsohon Injiniya: Ya karkace a wurin da ka ce "idan na ci duka". Ka tambayi 'yan aji huɗunku mutum nawa suka ci fes dayagiram da kari-oban tamodainamik a wuyansu.

'Yar aji biyar: Injiniya, shi ma naka tsarin yana da "idan": yunit 24 da lissafi biyu a zango ɗaya, ga POS. Akwai hanya ta uku, ya ajiye kwas ɗin da babu wani da ya dogara da shi a gaba, ko da na dole ne. Amma sai mun ga jerin.

Mai tambaya: Jerin yana waya ta ɗaya, zan turo in na koma ɗaki in sha Allah. Amma game da neman ƙarin yunit ɗin, akwai wanda ya taɓa yi aka ba shi a aji uku, ko sai 'yan ajin ƙarshe? Kuma har yanzu ba a tsayar min da magana ɗaya ba a kan zubi da roba da tsatsa.