Neman shawara: bincike kan Robert Demachy da hotunansa na ƙaro

Ɗaliba, sashen zane-zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri kan Robert Demachy, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa da ya rayu daga 1859 zuwa 1936. Hotunansa sun ɗauke min hankali, kai ka ce da gawayi ko jar ƙasa aka zana su. Matsalata biyu ce. Na kasa gane abin da yake yi a ɗakin wanke hoto, sannan malamin da ke duba aikina ya ce mutumin mai zane ne da ya ɓuya bayan kyamara, wai tarihi ya riga ya ajiye shi gefe. Ta ina zan fara?

Tsohon mai situdiyo, Kano: Wa alaikumus salam 'yata. Sirrin nasa yana hannunki, ƙaro ne, wannan dai da almajirai ke zubawa a tawada. Ana dama shi da launin fenti na ruwa da wani sinadari mai suna potassium dichromate, a shafa a takarda, ta bushe a duhu. Sai a kifa nagatif, wato wankakken fim da haske da duhu suka juye a cikinsa, a kanta, girmansa daidai da hoton da ake so, a fitar rana. Inda haske ya ratsa, ƙaron ya daskare ya riƙe launi. Inda bai kai ba, ruwa ya wanke. To a cikin ruwan nan Demachy yake aikinsa: takardar na jiƙe, ya sa burushi ya share nan, ya bar can, ya kawar da abin da bai so. Shi ya sa da wuya hoto biyu daga nagatif ɗaya su zo iri ɗaya. Ni na ƙare rayuwata a fim da takardar kanti, amma wannan aikin ina girmama shi ƙwarai.

Malamin tarihin fasaha: Ƙanwata, maganar malaminki tsohuwar hujja ce, kuma Demachy ya ji ta da kunnensa, ya amsa ta a rubuce. Ki fara da bakinsa. A 1897 shi da Alfred Maskell sun fitar da ɗan littafi kan wannan hanya ta ƙaro, a 1906 kuma shi da Constant Puyo suka rubuta wani da Faransanci. Mujallar Photo-Club de Paris, ƙungiyar da yake cikin jigoginta, ki neme ta a Gallica, shafin babban ɗakin karatun Faransa. A zamaninsa sunansa ya kai Amurka, mai ɗaukar hoto Alfred Stieglitz ya buga hotunan Demachy a mujallarsa Camera Work a 1904. Daga baya iska ta juya. Stieglitz ya rufe mujallar a 1917 da hotunan Paul Strand masu kaifi, a 1932 masu ɗaukar hoto su Ansel Adams da Edward Weston suka kafa ƙungiyar f/64 suna ƙyamar duk hoton da ya yi kama da zane. Ra'ayinsu ne ya mamaye littattafan tarihi na shekaru da yawa. Ki raba babinki biyu: abin da aka ce kansa kafin 1914, shekarar da ya ajiye kyamara, da abin da aka ce bayan nan.

Mai harhaɗa magunguna: Idan za ki gwada, don Allah ki kula. Dichromate guba ne, yana ƙona fata, yana jawo ciwon daji. Safar hannu, kar ki shaƙi garinsa, kar a zuba ruwan a kwata. Ki yi a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, ba a gida ba.

Ɗaliba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ƙaron dakwara na kasuwa zai yi, ko sai na kanti?

Tsohon mai situdiyo: Zai yi. Ki zaɓi fari mai tsabta, ki jiƙa shi ya narke, ki tace da ƙyalle. Takardar kuma mai kauri ta masu fentin ruwa, don sirara ba ta jure wanki.