A taimaka: me za mu ce wa "randonnée" da Hausa?

Mai Shirin Hantsi (Marwa): Salamu alaikum. Gobe zan gabatar da shiri a rediyo kan Rumsiki, ƙauyen nan na arewacin Kamaru, takardar kuwa da Faransanci aka miƙo mini ita. Kalma ɗaya ta hana ni sakat: randonnée. Tafiyar nan ce da baƙi ke yi a ƙafa cikin duwatsun Mandara, da ɗan jagora da jakin kaya, suna kwana ƙauye-ƙauye. Ba fatauci ba, ba zumunci ba, kallo kawai.

'Yar Garwa: Hawan dutse mana.

Ɗan Mokolo: A'a Yaya, ba hawa ake yi ba. Dutsen Kapsiki da ke gefen Rumsiki ba na hawan kowa ba ne. Tsohon dutse mai aman wuta ne, ruwa da iska suka cinye jikinsa, daskararren cikinsa ya rage a tsaye kamar taɓarya, mita 1,224 daga matakin teku. Zagaya shi ake yi ta cikin kwari, a bi gefen gonakin da aka jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasar dawa. In ka ce hawa, mai sauraro igiya zai hango. Ni tattaki na sani.

Malam Mai Nahawu: Tattaki kuma? Ai wannan na masu takawa gari zuwa gari ne don gwaninsu ya ci zaɓe. Na daɗe ina faɗa, mu gina tamu daga tushe. Kasuwa ta ba mu kasuwanci, tsauni ya ba mu tsaunanci.

'Yar Garwa: Allah gafarta Malam, in na ji tsaunanci zan ɗauka yaren Mafa ake nufi.

Malam Mai Nahawu: 'Yata, kunnenki ne Faransanci ya toshe. Ku da kuke tura yara lekol ga makaranta a bakinku. Tsaunanci, mai yinsa batsaune.

Bakano a Kusiri: Duk ku huta. A daidaitacciyar Hausa yawon buɗe ido ake cewa.

Ɗan Mokolo: Mutumin Kano, Dala da Goron Dutse ne za su koya mana zancen duwatsu? Kafin shayi ya huce ka kai ƙolinsu. Buɗe ido ko cikin mota ana yinsa, mai zuwa gandun dajin Waza kallon raƙumin dawa ma idonsa a buɗe yake. Ina ƙafar?

Bakano a Kusiri: Amma dai ƙamus ba a Mokolo aka rubuta shi ba.

'Yar Garwa: A kasuwar Marwa ma hosere za ka ji, ba tsauni ba. Mu sa Fillancin mu huta.

Malam Mai Nahawu: Inna lillahi! Ana ga wata ga wata.

Mai Shirin Hantsi (Marwa): Don Allah iyayena, dare na yi. Dalilin shirin shi ne, tun da aka sace iyalin Faransawan nan kusa da Dabanga a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora suka koma noma, har bokan Rumsiki mai duba da ƙaguwa cikin tukunya ya rasa masu zuwa. Yanzu UNESCO ta sa Diy-Gid-Biy, kufan gine-ginen dutse da ke duwatsun Mandara, cikin kayan tarihin duniya a 2025, kamar yadda ta sa Sukur ta tsallaken iyaka, a Najeriya, a 1999. So nake mutanenmu su ji su ma za su iya zuwa, ba sai Bature ba. Kalmar da zan tsaya fassara ta a iska ba ta yi mini ba.

Ɗan Mokolo: To ka ce tattakin buɗe ido a duwatsu da farko, daga nan tattaki kawai. Ka kuma gaya musu bayan damina ake zuwa, kafin hazo ya rufe komai.

Bakano a Kusiri: Ta yi tsawo, amma tunda buɗe idonmu na ciki, na yi shiru.

Malam Mai Nahawu: Karanta abinka, ɗana. Ɗalibaina dai tsaunanci za su rubuta.

Mai Shirin Hantsi (Marwa): Na ɗauka, na gode. Saura paysage, tana layi na biyu.

Malam Mai Nahawu: Ita ma ina da tata.